Gyaran tsohon hoto a Jos: sikanin ya yi, kalar kuwa da sake

Shagunan hoto da ke kewayen kasuwar Terminus a Jos yanzu kusan kowanne yana tallar "gyaran tsohon hoto": a yi masa sikanin (wato a kwafe shi cikin kwamfuta), a share tabo, a sa kala, a buga babba a firam. Na gwada ɗaya daga cikinsu da wani hoto baƙi da fari da muka tarar a adakar kakanmu. Tashar jirgin ƙasa ta Jos ce, da mutane a gabanta waɗanda ba wanda ya san su. Babu suna, babu shekara a bayansa.

Wajen sikanin da share tabo ban da ƙorafi. Yaron shagon bai taɓa fuskar hoton da yatsa ba, kuma karyewar da ta ratsa tsakiya ta ɓace kamar ba a yi ta ba. Da aka buɗe shi a kwamfuta sai ga abubuwan da ido bai taɓa kamawa ba. Leburori uku ɗauke da kwanon sarki, irin wanda ake kwasar ƙasar kuza da shi. Wata mata da ƙwarya a ka. Wani dattijo ya lulluɓa da gwado alhali inuwarsa gajeriya ce, wato rana tsaka, ka san hunturun Jos ne. Har layin dogon ya fito sosai, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai son sanin shekarun hoto: ƙaramin jirgin da ke tasowa daga Zariya siririn layi gare shi, an rufe shi a 1957, shi kuwa babban layin da ya biyo ta Kafanchan a 1927 ya iso Jos. Na hotonmu mai faɗin ne, don haka ba a ɗauke shi kafin 1927 ba.

Inda muka raba gari shi ne kala. Manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ke yin aikin, ita kuwa ba ta san Jos ba. Rigar shuni ta mai da ita ruwan ƙasa. Tsagar da ke kumatun ɗaya daga cikin leburorin ta ɗauke ta a matsayin datti, ta goge. To, wannan tsagar ita ce kaɗai shaidar da za ta nuna daga ina mutumin ya fito, a garin da haƙar kuza ta tara Hausawa, Barebari, Tibi da 'yan ƙasa irin su Birom da Afizere.

Wanda ya fi ba ni haushi wani mutum ne a gefe, da ya fito dishi-dishi saboda yana tafiya lokacin da aka ɗauka. Manhajar ta ƙera masa fuska, har da murmushi da fararen haƙora.

Na ce, "Samari, wannan fa daga ina?"

Ya ce, "Baba, ai haka ya fi kyau. Kwastomomi ba sa son dishi-dishi."

Kyau dai ya yi, amma ba shi ba ne. Dishi-dishin nan labari yake bayarwa: waɗanda suka fito tangaran an tsai da su ne, ko sun ga Bature da kyamara sun dakata, shi kuwa wannan yana kan sha'aninsa bai ma kula ba. Tun farkon hoto haka abin yake. A hoton da Louis Daguerre, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ɗaukar hoto, ya ɗauka na wani titi a birnin Faris a 1838, kekunan doki da masu wucewa duk sun ɓace saboda mintunan da ɗaukar ta ci. Wanda ya tsaya ana goge masa takalmi ne ya fito, shi ma har yau ba a san sunansa ba.

Don adalci, da na ce a cire kalar yaron shagon bai yi musu ba, kuma bai ƙara mini ko kwabo ba. Ya zuba mini ainihin sikanin a filashi, ya buga baƙi da farin a takarda mai kauri. Firam ɗin ne dai na roba, mai araha.

Zan koma, domin akwai sauran hotuna a adakar. Amma tun a bakin ƙofa zan ce sikanin da share karyewa kawai, kada manhaja ta kusanci fuskar kowa.