Waƙoƙin 2025: wanne ya cancanci sefarka, kuma a hannun wa za ka saya?

Duk ƙarshen shekara masu tura waƙa a kasuwannin Garwa, Marwa da Ngaundare na arewacin Kamaru sukan haɗa abin da suke kira "sababbin bana", su ce ka kawo katinka na memori a cika maka. Kafin ka miƙa kuɗinka, ɗan'uwa, ga abin da na gani: 2025 ta zo da waƙa mai yawa, amma ba shekarar saye a dunƙule ba ce. Shekarar tsinta ce. Wanda ya zauna ya zaɓi ashirin ko talatin da kunnensa ya fi wanda aka loda wa ɗari biyar cin riba, ko da kuɗin da suka biya ɗaya ne.

Mafi yawan abin da za a cika maka kati da shi waƙoƙin nanaye ne da ke shigo mana daga Kano da Kaduna, da ta hanyar Yola da Mubi, yanzu kuma ta intanet. A nan ne mai saye ya fi shan ruɗi, don an canza yadda ake ƙera waƙar. Mawaƙi ya san abin da zai ɗaga shi TikTok ne, kuma a can daƙiƙa talatin ake so. Sai ya zuba duk basirarsa a amshi, ya bar baitoci fanko. Amshin ya shiga kanka, ka ji shi a bakin ɗan moto, ka ji shi a wajen mai shayi, ka ɗauka waƙar gaba ɗaya haka take. Ran da ka saurare ta cikakkiya, sai ka tarar minti biyar ne na maimaita magana ɗaya, a kan kiɗan fiyano da ka riga ka ji a waƙa goma, da muryar da na'ura ta goge har ba ka bambance wane da wane.

Gwajin mai sauƙi ne, kuma ina roƙonka ka yi shi. Ka ce mai shago ya tsallake amshin, ya kunna maka baiti na biyu da na uku. In mawaƙin yana da sabon abin faɗa a can, in Hausarsa ta yi nauyi, in ya iya ɗaura karin magana a inda ta dace ba don cike gurbi ba, ka saya. Akwai irinsu a cikin na 2025, kuma masu kyau ne ƙwarai, sai dai 'yan kaɗan ne, sun nutse a cikin tarin. In kuwa ya koma kan "rayuwata" da "zuciyata" yana kewaya wuri ɗaya, wannan ta sauraro ce a rediyo kyauta, ba ta ajiya ba.

Waƙoƙin siyasa ba sa buƙatar dogon bayani. An yi zaɓen shugaban ƙasa a Kamaru ranar 12 ga Oktoba 2025, a Najeriya kuma 'yan siyasa tuni suka fara hangen 2027. Ɗan takara ya riga ya biya mawaƙin, ba dalilin ka sake biya. Haka waƙar biki mai jero sunan amarya da ango da ƙawaye: ta gidan bikin ce.

Bege da ƙasidu su ne suka fi jure wa lokaci. Wanda ka saya bana zai yi maka aiki a Maulidin baɗi da na bayansa, kuma shi ne abin da za ka kunna a tsakar gida gaban iyaye ba ka sunkuyar da kai ba. Matsalarsu ɗauka ce. Da yawa a wajen taro aka naɗe su da waya, mandiri ya danne murya, lasifika tana kuka. Ka nemi wanda aka yi a situdiyo, ka saurara ko kalmomin suna fita ɗaya bayan ɗaya.

Waɗanda nake so ka fi ba wa kunne su ne namu na nan gida. Matasan da ke waƙa da Hausa suna surka Fulatanci, wani lokaci da Faransanci ko Larabcin Shuwa in ka matsa wajen Kusuri da Njamena, da kuma dattawan da har yau suke riƙe da kalangu da garaya da algaitar fada. Situdiyonsu ba ta kai ta Kano kayan aiki ba, wannan gaskiya ne, kuma wasunsu kwaikwayon Kano kawai suke yi, har da karin harshe da ba nasu ba. Amma wanda ya tsaya a kan nasa, ya yi maganar Binuwai da audugar da manomi ke jiran kuɗinta da tsadar gero, yana ba ka abin da ba za ka samu a wani wuri ba. Waƙar Kano ko ka saya ko ba ka saya ba za ta iso ka. Ta ɗan unguwarku in ba a saya ba, baɗi ba zai koma situdiyo ba.

To, ta wace hanya?

Mai tura waƙa shi ne mafi araha, 'yan ɗaruruwan sefa ne, kuma abin da ya ba ka naka ne: ka sa a waya, ka cire ka sa a rediyo ko a mota, ba ruwanka da rezo, wato netwok. A arewacin Kamaru, inda wuta ta dogara sosai da madatsar Lagdo, wadda ruwanta kan ja baya da rani, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ka yi lissafi. Waƙar MP3 mai matsakaicin kyau, wato 128 kbps, tana cin kusan mega 1 a minti ɗaya, ke nan ta minti biyar kusan mega 5 ce, katin giga 4 kuma zai ɗauki wajen 800. In aka ce an zuba maka dubu biyu a irin wannan kati, an matse su ne har sauti ya mutu. A ƙaramar lasifikar waya ba za ka gane ba, amma ran da ka jona babbar sifika za ka ji kiɗan kamar daga cikin tulu yake fitowa. Ka duba girman fayil kafin ka tashi: waƙar minti biyar da ba ta kai mega 3 ba, a sake maka wata. Abu na biyu, kuma shi ya fi damuna: a kuɗin nan ko dala ba ta zuwa hannun mawaƙi, duk da cewa Kamaru tana da dokar haƙƙin mallaka tun Disamba 2000. Ba ina zagin masu wannan sana'a ba ne, da ita suke ciyar da iyali, kuma su ne suka kai waƙar Hausa ƙauyukan da intanet ba ta je ba. Amma ka san ladan turawa ka biya, ba kuɗin waƙa ba.

Manhajoji su ne wajen ɗanɗano kafin saye. Boomplay takan zo a cikin wayoyin Tecno, Infinix da itel tun daga kamfani. Audiomack tana da waƙoƙin Hausa da yawa, kuma tana barin ka sauke wasu kyauta ka ji ba data. Spotify ta shigo Kamaru da Chadi a 2021, amma saukewa sai ga mai biyan kuɗin wata, kuma dole wayar ta hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba waƙoƙin su rufe. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, waƙar da ka sauke ta wannan hanya a cikin manhajar take zaune, ba za ka tura ta ta Xender ko ka sa a rediyon Baba ba. Haya ce. YouTube kuwa hoto ne da sauti, ya fi cinye mega nesa ba kusa ba, ka bar shi don waƙar da bidiyonta kake son gani.

Kada kuma ka ɗauka sauraro a manhaja ya wadatar da ƙaramin mawaƙi. Tun 2024 Spotify ba ta biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba, kuma abin da ake samu a kan sauraro ɗaya bai kai sefa biyar ba. Ga tauraron da miliyoyi ke ji, kuɗi ne. Ga yaron Marwa mai masoya ɗari uku, ba komai ba ne.

Shi ya sa ga namu na gida hanya ta uku ce ta dace: ka saya a hannunsa. Yawancinsu suna sa lambarsu a shafinsu na Facebook ko a ƙarshen bidiyo. Ka tura masa ta Orange Money ko MTN MoMo, in kana Chadi ta Airtel Money ko Moov Money, ka ce ya turo maka ainihin fayil ɗin situdiyo ta sashen takardu na WhatsApp, ba wanda aka yanko daga bidiyo ba. Sefa 500 da ta shiga hannunsa kai tsaye ta fi masa sauraro ɗari a manhaja, kai kuma ka samu sauti mafi kyau da ake da shi. Ka tabbatar dai shafin nasa ne, don masu buɗe shafi da sunan mawaƙa suna da yawa. Ka nemi ya yi maka saƙon murya kafin ka tura.

Faifan CD ban ba ka shawara ba, sai in motarka ba ta karɓar komai sai shi. Ƙura da zafin watan Afrilu ba sa barin sa ya daɗe.

Katin kansa ma abin dubawa ne. Akwai na jabu da aka rubuta wa giga 32 alhali cikinsa bai kai haka ba: zai karɓi duk abin da aka zuba, ya nuna sunayen waƙoƙin, amma waɗanda suka wuce ainihin girmansa ba za su buɗe ba. Kafin ka bar shagon, ka sa katin a wayarka, ka kunna waƙar farko, ta tsakiya da ta ƙarshe, kowacce ka ja ta zuwa kusa da ƙarshenta.