Na'urar Sauraren Littafi Mai Tsarki Mai Cajin Rana: Yadda Ta Yi Mana a Kirsimetin Bana

A farkon watan Disamba na sayi wannan na'ura a wani shagon littattafan Kirista da ke cikin garin Zuru, kuma yanzu da ta haura wata guda a gidanmu, ina ganin na isa in faɗi abin da na gani game da ita. Na saye ta ne domin mahaifiyata, wadda ta baro ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Danko/Wasagu shekara biyu da suka wuce, bayan 'yan bindiga sun kore shanun gari sun kuma hana kowa zuwa gona. Inna ta koyi karatu a ajin manya na ikilisiya tun tana amarya, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa ne abokin hirarta na kullum, har yanar ido ta rufe mata rubutu, ta kai ga ko manyan haruffa ba ta iya bambancewa.

Na'urar ba ta wuce tafin hannu ba. Jikinta roba ce mai kauri, a bayanta akwai ɗan faifan sola, a gefe kuma akwai ramin caji irin na waya. An sa mata littattafai 66 cif, daga Farawa zuwa Ru'ya ta Yohanna, 39 na Tsohon Alkawari da 27 na Sabon Alkawari. Kuɗinta bai kai na turmin atamfa matsakaiciya ba, kuma da atamfar na yi niyyar yi wa Inna Kirsimeti, sai ta ce zannuwan da take da su sun ishe ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne muryar mai karatun. Yana karatu a natse, ba ya haɗiye kalmomi, kuma Hausarsa ita ce wadda kunnenmu ya saba da ita a majami'a. Wannan yana da muhimmanci a ƙasar Zuru, domin ko da yake da yawanmu C'lela muke yi a gida, da Hausa iyayenmu suka haddace ayoyi, kasancewar tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da harshen Hausa. Sau da yawa nakan ji Inna tana rigan mai karatun ƙarasa aya.

Wanda bai taɓa barin gidansa dole ba, da wuya ya gane nauyin da Kirsimeti yake ɗora wa ɗan gudun hijira. A da, lokacin ne ake gama girbin dawa, 'ya'ya da jikoki su dawo daga birane, matasa su zaga gida gida da waƙoƙi har dare ya raba. Yanzu kuwa ƙarar babur cikin dare ko nokawut ɗin da yara ke fasawa a unguwa ya isa ya tayar da Inna zaune, jikinta yana rawa, barci kuma ya ƙaurace mata har asuba. A irin wannan sa'a babu fasto a kusa, mu kuma muna barci, ita kuwa ba ta yarda ta tashi kowa. A nan ne na'urar ta biya kuɗinta. Tana ajiye ta kusa da matashin kai, ta kunna a hankali, ta saurari Zabura ta 46 ko ta 91 har zuciyarta ta kwanta.

Na yi zaton Luka sura ta 2 za ta fi so, wato labarin makiyaya da mala'iku da aka saba karantawa ranar 25 ga Disamba. Sai na lura Matiyu sura ta 2 take ta maimaitawa, inda aka gargaɗi Yusufu a mafarki ya tashi da dare, ya ɗauki Maryamu da jaririn su gudu Masar saboda Hirudus, wanda daga baya ya sa aka kashe yara maza na Baitalami masu shekara biyu zuwa ƙasa. Wata safiya ta kira ni ta ce, "Ɗana, ashe Ubangijinmu ma cikin dare aka gudu da shi." Na ce, "Haka ne, Inna." Ta ce, "To, ya san abin da muka gani." Shekara biyu ina neman kalmar da zan yi mata ta'aziyya da ita ban samu ba. Salamar daga wurin Allah ta zo, ban ɗora ta a kan roba da batir ba, amma ta wannan hanya Maganarsa ta iske Inna a lokacin da ta fi bukata.

Na'urar tana da nata nakasu, kuma wajibi ne mai saye ya sani. Faifan solar ba ya jure hazon hunturu, domin ranar da ƙura ta rufe sama, ko ta wuni a kan rufin kicin, cajin ba ya kai ta asuba, sai mun haɗa da na waya idan an kawo wuta. Maɓallanta duk girmansu ɗaya kuma a shafe suke, abin da bai dace da na'urar da masu larurar ido za su fi amfani da ita ba. Sai da na ɗiga gam a kan na kunnawa kafin yatsan Inna ya riƙa gane shi. Sura sura take tsallakawa, ba ta zuwa aya kai tsaye, saboda haka mai neman wani wuri a tsakiyar Zabura ta 119, mai ayoyi 176, sai ya yi haƙurin saurare tun daga farko. Sa'ar da aka yi ita ce tana ci gaba daga inda aka tsaya. Takardar bayaninta kuma da Turanci kawai aka rubuta.

Ƙararta ta ishi ɗaki, amma ranar da matan Zumunta na ikilisiya suka zo gaishe da Inna suka zauna a tsakar gida, na nesa ba su ji sosai ba. A daren shiga sabuwar shekara, da muka tafi sujada, ita da jikanyarta suka zauna a ɗaki suna saurare har muka dawo muka same su ido biyu.

Ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki ko mai shirya wa'azi zai fi samun biyan bukata a littafin takarda ko manhajar waya. Tsofaffi, marasa lafiya da ke kwance, da waɗanda ba su yi karatu ba, su ne na'urar ta dace da su, kuma ina ba da shawara a gwada kowane maɓalli da ramin caji kafin a bar shago. Na riga na sayi ta biyu domin ƙanwar Inna da ke zaune a Ribah, na ɗiga mata gam a maɓalli, zan ba direba ya kai mata a makon nan.