Rage Raɗaɗi Bayan Tiyatar Sauya Gwiwa: Abin da Na Gani a Jinyar Gwaggo

An sauya wa gwaggona gwiwoyinta biyu a wani asibitin ƙashi da ke Kano, ɗaya bayan ɗaya, kuma da yake ni na yi jinyarta tun daga ƙauyenmu na ƙasar Ringim, na ga bambancin hanyoyin rage raɗaɗin da aka bi.

A aikin farko, bayan allurar kashe jiki da aka yi mata a gadon baya ta sake ta, an dogara ne da allurar kashe jijiyar da ke matsematsi, tare da magunguna masu ƙarfi dangin mofin. Zafi ya kwanta ƙwarai, amma ƙafar ta yi sanyi har ba ta iya ɗaga ta daga katifa, domin jijiyar da aka kashe ita ce ke motsa naman gaban cinya. Ga jiri, ga tashin zuciya, ga taurin bayan gida, sai mai gashin ƙashi ya zo ya koma ba a yi abin kirki ba.

A na biyu kuwa, likita ya yi allurar a tsakiyar cinya, inda take kashe zafi ba tare da ta raunana ƙafa sosai ba, aka kuma zuba maganin kashe zafi a kewayen gaɓar tun ana cikin tiyata. Ta ɗan ji zafi a bayan gwiwa, amma washegari ta miƙe da ƙarfen dogarawa ta taka zuwa bakin ƙofa, tana cewa, "Ɗan nan, yau ƙafar tawa ce." Wannan hanya na fi yabawa, saboda gwiwar da ba a lanƙwasa da wuri ba sandarewa take yi.

Inda aka gaza shi ne lokacin sallama. Allurar jijiya ba ta cika wuce yini guda tana aiki ba, sauran makonnin kuma a gida ake yin su. An ce mu riƙa ɗora ƙanƙara, alhali ba mu da wuta, sai mun aika cikin gari. Ba a kuma ja mana kunne yadda ya kamata ba cewa maganin kashe zafi na diclofenac na iya tayar da gyambon ciki da taɓa ƙoda, ko cewa babba kada ya wuce giram 4 na farasitamol a rana. Duk mai shirin wannan aiki ya nemi a rubuta masa jadawalin magani kafin ya bar asibiti, kada ya koma hannun mai kemis.