Yaya, Kafin In Sayo Maka Sandar Golf Ɗin Nan

Yaya, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya tare da iyali, a gaida min Hajiya. Saƙonka ya iso har da hoton fotar da kake so, wato sandar tura ƙwallo rami ƙirar Scotty Cameron irin ta Tiger Woods. Ban saya ba tukuna, kuma na ga gara in yi bayanin a fili, tunda wasu abokan wasanka na kulob ɗin Kano ma sun yi min irin wannan aike.

A nan Sikotlan, shagon kirki ba ya miƙo maka fota don kawai ka nuna ta da yatsa. Akwai shimfiɗar ciyawar roba a cikin shagon da rami a ƙarshenta. Ma'aikaci zai zubo maka ƙwallaye ya ce ka buga yadda ka saba, shi kuma ya tsuguna a bayanka ya zuba wa kan sandar ido. Wasu suna da na'ura mai suna SAM PuttLab: a maƙala ɗan wani abu a jikin ƙotar, kwamfuta ta zana hanyar da sandar ta bi da inda fuskarta ta kalla lokacin da ta taɓa ƙwallo. Wani wurin ka biya kuɗin awo, wani wurin a cire maka shi in ka yi sayayya. Ka san ko shaddar da ta fi tsada a Kantin Kwari ka yanka, in tela bai auna ka ba, rigar ba za ta zauna ba.

Abin da suke son ganewa shi ne yadda hannunka yake tafiya. Wani yana jan sandar baya a miƙe, ya turo ta gaba a miƙe. Wani kuma tasa lanƙwasa take yi, ta ɗan shigo ta wajen ƙafarsa in ya ja baya, fuskar ta buɗe, sannan ta rufe bayan bugu. Kowanne da irin sandarsa, kuma gwajin ba ya bukatar na'ura. Ɗauko fotarka ta yanzu, ka kwantar da ƙotar a kan yatsa ɗaya kusa da kan, har ta tsaya ba ta rinjaya ko'ina ba. In fuskar ta kalli sama sak, ta mai miƙaƙƙen bugu ce, kuma yawanci masu faffaɗan kai ne haka. In bakin kan ya sunkuya ƙasa, ta mai lanƙwasa ce, kuma gwargwadon sunkuyawar gwargwadon lanƙwasar da take so. Wanda ya riƙi wadda ba tasa ba kullum yana kokawa da ita, ƙwallo ta dinga zamewa gefe guda, ya yi ta zargin idonsa.

Ta Tiger ɗin, Newport 2, mai siririn kai ce mai sunkuyawa. Da ita ya ci 14 daga cikin manyan kofunansa 15, amma bugunsa mai lanƙwasa ne. Kai kuwa, yadda na san tsayuwarka, na fi zaton miƙaƙƙen bugu gare ka. Ko da ta dace da kai ma, asalin siffar daga wata fota ce mai suna Ping Anser da Karsten Solheim ya ƙera a 1966, kamfanoni da dama suna yin irinta a farashi mai sauƙi.

Sai tsawo. Yawancin na kasuwa inci 33 zuwa 35 ne, kuma da yawa daga mutanenmu suna riƙe da wadda ta yi musu tsawo, don abin da aka kawo musu tsaraba ke nan. Ka tsaya kamar za ka buga, ka riƙe wata ƙwallon a tsakanin idanunka ka sake ta. Ya kamata ta faɗo kan ta ƙasan, ko ɗan ciki kaɗan ta wajenka. In ta faɗi kusa da ƙafarka sosai, ka yi nisa da ƙwallo, galibi tsawon sandar ne ya tura ka. Dattawan da ciwon baya ya sa suke sha'awar doguwar fota su sani ba a hana ta ba, amma tun 2016 doka ta hana jingina ta da ƙirji ko ciki.

Akwai abin da masu shagon nan ba za su taɓa tambayarka ba, don ba su san shi ba: ƙasar da kake wasa a kanta. Su ciyawarsu gajera ce mai santsi, taɓawa kaɗan ƙwallo ta yi ta gudu. A filayen Arewa da bakin raminsu yashi ne da aka cakuɗa da mai, sai an ja tabarma an share maka hanya, kuma sai ka buga da ƙarfi. A ganina fuskar ƙarfe zalla ta fi dacewa da mu fiye da mai laushin roba, wadda yashi zai ci. Mariƙin roba ma zafin Kano yana busar da shi, musamman in jakar tana kwana a but ɗin mota, don haka zan haɗo maka da na canji.

Batun kuɗi, sabuwar Scotty Cameron ta haura fam 400. Amma kasuwar na-hannu a nan ta burge ni ƙwarai: mutum ya kawo tsohuwar sandarsa a kimanta, a rage masa a kan sabuwa, tsohuwar kuma a goge ta a rubuta matsayin lafiyarta a jiki. Da ƙasa da fam 100 ana samun fota ƙirar Odyssey mai kyau. In ta intanet ka saya daga shago, doka ta ba ka kwana 14 ka mayar in ba ta yi maka ba, abin da nake fata 'yan kasuwarmu su ɗauka. Jabu ma akwai, kuma manyan sunayen nan aka fi kwaikwaya, shi ya sa nake tsoron arahar da ta wuce hankali.

Amma fa akwai inda kuka fi mu. A nan direban tasi da mai gyaran famfo duk suna wasa a filayen ƙaramar hukuma, sai dai kowa shi ke jan jakarsa cikin iska da yayyafi. Matasan da suke ɗaukar muku jaka a Kano sun san gangaren kowane rami, kuma sun kalli bugunka fiye da kowa. Tambayi naka wane gefe ka fi zubarwa, zai faɗa maka gaskiya.

Ga abin da nake roƙo, Yaya. Ka ja layi da alli a kan siminti, ka buga a kansa, ɗaya daga cikin yaran ya ɗauke ka bidiyo ta baya da ta sama. Ka auna min tsawon fotarka ta yanzu, ka gaya min abin da gwajin yatsa ya nuna, ka turo ta WhatsApp. Zan kai wa mai shagon mu duba tare, in Allah ya yarda ta iso maka ta hannun masu zuwa gida kafin Sallah.