MSI Afterburner a kan kwamfutar tafi-da-gidanka: abin da take iyawa a zafin Maradi

MSI Afterburner manhaja ce ta kyauta wadda masu wasan kwamfuta suke ƙara wa katin hoto (ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hotunan da ake gani a allo) gudu da ita, kuma ba sai kwamfutar ta kasance ƙirar kamfanin MSI ba. Na gwada ta a kan kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu mai katin GTX 1650 na kamfanin NVIDIA, irin waɗanda ƴan kasuwarmu suke shigo da su daga Kano.

Da buɗe manhajar za a ga cewa a mafi yawan irin waɗannan kwamfutoci masu ƙera su sun kulle ma'aunin wutar da katin yake ja, don haka abin da ya rage a hannun mutum shi ne gudun ƙwaƙwalwar katin da na ma'ajiyarsa. Ana ƙarawa ne kaɗan-kaɗan, megahaz 15 ko 25 a kowane mataki, ana kunna wasa ana dubawa. Idan ɗigo-ɗigo masu launi suka fara bayyana a allo, ko wasan ya rufe kansa, to an wuce gona da iri, sai a koma baya. A wasan GTA V ribar da na gani hotuna uku ne ko huɗu a daƙiƙa, abin da ido ba ya cika lura da shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne zafi. Katunan NVIDIA na tafi-da-gidanka sukan rage gudu da kansu idan suka kai wajen digiri 87, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafin gari ma yana haura digiri 40. Da rana tsaka fankar takan yi ta kuka, saman madannai ya yi zafin da yatsa ba ya son daɗewa a kai, gudun da aka ƙara kuma ya zube cikin ƴan mintoci. Idan aka ɗauke wuta kuwa magana ta ƙare, domin a kan batir katin ba ya aiki da cikakken ƙarfinsa.

A ganina darajar manhajar a nan garin tana wani wuri dabam. Tana zuwa tare da RivaTuner, mai nuna zafi da yawan hotuna a kusurwar allo ana cikin wasa, kuma wannan lambar ce ta sa na kai kwamfutar wurin mai gyara, ya zaro curin ƙurar hunturu daga bakin fanka, ya canza man da ake shafawa a kan katin. Sannan idan aka danna Ctrl da F, jadawalin wuta da gudu yakan buɗe, a rage wutar da katin yake sha ba tare da gudu ya faɗi sosai ba. Jadawalin yana da wuyar ganewa ga sabon shiga, amma shi ya fi sauƙaƙa mini zafin, wasan ya daina sarƙewa.

A sauke manhajar daga shafin MSI ko na Guru3D kawai, domin a 2022 an gano shafukan bogi da suke raba ta haɗe da manhajar satar bayanai.