Wata 14 a wani kamfanin manhaja a Maradi: abin da na gani

Ƙannena na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo sun dame ni da tambaya ko su kai takardunsu inda na yi aiki, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Ƙarami ne, mu tara ne a buro, a wani gidan haya a unguwar Ali Dan Sofo. Manhajar lissafin shago muke yi wa 'yan kasuwa: kayan da suka shigo, waɗanda suka fita, bashin da ake bin kowa, a sefa da naira duka, tunda a garin nan kuɗin biyu tare suke yawo.

Na shiga a matsayin mai koyon aiki a watan Yuni na 2023. Ban yi wata biyu ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. A nan na fara sanin irin mutanen da na faɗa cikinsu. Maigida ya sayo faifan sola da batura, ya ce duk wanda gidansu ba wuta ya kawo wayoyin iyalinsa a yi caji. Kullum tebur ɗaya cike yake da wayoyin iyaye mata. Ba wanda ya taɓa yin tsaki.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne ranar da na yi ɓarna. Ina gyara asusun wani Alhaji mai sayar da shinkafa da mai a babbar kasuwa, sai na ninka bashin mutum 30 ba da sani ba. Yaransa suka fara kiran mutane suna neman kuɗin da ba a ci ba. Hantar cikina ta kaɗa. Shugaban sashenmu ya ɗauko babur ya ce, "Ƙanena, hau mu je." Da muka isa ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, laifinmu ne, a gafarce mu." Ko sau ɗaya bai nuna ni ba. Da muka koma ya jawo kujera kusa da ni, muka dawo da ajiyar bayanan jiya layi bayan layi har aka kira magariba. Washegari ya kafa doka: ba mai taɓa asusun ɗan kasuwa sai mutum na biyu ya duba. Sunana bai fito a taron ba.

Koyarwa ma ba rowa. Bayan la'asar ana ɗora shayi, wanda ya gano sabon abu ya buɗe kwamfutarsa ya nuna. Mata biyu ne a cikinmu, ɗaya ita ce ta fi kowa iya gano inda manhaja ta karye, kuma in tana magana shiru ake yi.

To amma akwai abin da ya kore ni, kuma har yau yana ci mini rai. Wata 14 ban sa hannu a takarda ko ɗaya ba. An ce koyon aiki wata uku ne, sai ya zama shida, daga nan aka daina maganar. Duk lokacin da na tayar da ita, maigida ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba ɗana, mu nan gida ɗaya ne." Gaskiya yake faɗa, kuma wannan zumuncin ne ya ɗaure mini baki. Ta yaya za ka tsare mutumin da ya zo sunan ɗiyar yayarka da maganar kwantiragi? Ba a yi mini rajista a CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ba. Jika 50 na sefa ake ba ni a wata, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar ya koma jika 42 tun farkon 2024, ga ni da digiri. Sau uku kuɗin suka kai 15 ga wata ba su fito ba, ba kuma wanda ya yi mana bayani.

Sai zauren WhatsApp na aiki, wanda ba ya barci. Ɗan kasuwa yana rufe shago da dare, lokacin yake lissafi, lokacin yake kira. Ƙarfe 11 saƙo zai shigo, in ka yi shiru da safe a tambaye ka ko lafiya. Da an raba kwanakin tsaro tsakaninmu da an huta, na kawo shawarar sau biyu.

Wanda ya fito daga makaranta yana neman hannu ya faɗa, ya je, zai koyi abin da aji bai ba shi ba. Amma ranar farko, kafin a saba, kafin a fara ce maka ɗana, ka nemi a rubuta tsawon koyon aikin da kuɗin da ranar biya. Mai iyali kuwa ban ba shi shawara ba sai ya ga takarda. Ni na bar su a watan Agusta na 2024, kuma har yanzu ranar Juma'a in na taso daga masallaci nakan biya in sha shayi.