Na'urar Leza Don Duba Ƙuna Da Fata: Wacce Ya Kamata A Saya?

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin masu ƙuna ya san cewa ƙunar da ta tsaya a saman fata da wadda ta cinye fatar gaba ɗaya ba sa wahalar ganewa. Mai wahalar ita ce ta tsakiya, wadda ta shiga naman fata amma ba a san iyakar zurfinta ba. Ƙwararren likita ma, idan da ido kawai ya duba irin wannan, dacewarsa ba ta wuce kashi 60 zuwa 75 cikin ɗari. Kuskuren kuma yana da tsada. Ƙunar da za ta haura kwana 21 ba ta warke ba takan bar tabo mai tudu da ɗamewa, shi ya sa ake so a yi mata dashen fata da wuri. Wadda za ta warke cikin mako biyu kuwa, kai ta tiyata zalunci ne.

Na'urar da ta fi amsa wannan tambaya ita ce mai auna gudun jini da leza, wadda ake kira Dofla. Tana haska leza mai rauni a kan ciwon daga nesa, ba ta taɓa shi. Hasken yana shiga kamar milimita ɗaya zuwa biyu, idan ya ci karo da jajayen ƙwayoyin jini masu motsi sai ya dawo da ɗan sauyi, na'urar ta mayar da sauyin taswira mai launi. Ja yana nufin jini na gudana sosai, wurin zai warke kafin kwana 14. Rawaya da ruwan hoda suna tsakani. Shuɗi yana nufin jinin ya yi ƙasa, zai wuce kwana 21. Ma'aikaciyar jinya da aka koya wa za ta iya ɗaukar hoton, likita ya karanta shi a cikin minti kaɗan, kuma dacewarsa tana haura kashi 90. A shekarar 2011 hukumar NICE ta Ingila, mai tantance magunguna da kayan asibiti, ta goyi bayan amfani da moorLDI2-BI na kamfanin Moor Instruments a kan ƙunar da ake shakkar zurfinta. Babu wata abokiyar takararta da ta tara shaida a kan majinyata kamar ta.

Amma tana da sharuɗɗa. Ana ɗaukar hoton ne tsakanin awa 48 da kwana biyar bayan ƙunar, domin kafin nan gefen ciwon bai gama yanke hukuncin rayuwa ko mutuwa ba. Dole a cire bororo da matacciyar fata, a wanke man azurfa da ake shafa wa ƙuna tas, don duk abin da ya tare haske zai fito shuɗi, a zaci ƙunar ta yi zurfi alhali ƙarya ne. Zanen tatu yana yin haka. Majinyacin da ruwan jikinsa ya yi ƙasa, ko sanyi ya kama shi, ko ana ba shi maganin matse jijiyoyi, shi ma haka. Ciwon da ƙwayoyin cuta suka shiga kuma yakan fito ja fiye da gaskiyarsa. Idan yara ne suka fi yawa a ɗakinku, ku nemi samfurin da ke share ciwon da layin haske cikin 'yan daƙiƙoƙi, domin mai bi ɗigo-ɗigo yakan ɗauki minti ɗaya ko biyu, yaro kuwa ba zai kwanta shiru ba, motsi kuma yana ɓata hoton.

Na'urar Raman aikinta daban ne. Sunanta daga C. V. Raman ɗan Indiya, wanda ya gano a 1928 yadda haske ke sauyawa idan ya bugi sinadarai, ya karɓi kyautar Nobel a 1930. Ita sinadaran fata take karantawa: ruwa, kitse, kolajin (furotin da ke riƙe fata). Da leza mai tsawon zangon haske nanomita 785 ake ganin alamar furotin a kusa da lamba 1655 a ma'aunin Raman, ta finil'alanin (ɗaya daga tubalan furotin) a 1003, kuma idan zafi ya warware kolajin waɗannan alamomi sukan sauya. Ga mai binciken man shafawa ko bushewar fata, babu kamarta, musamman irin ta kamfanin RiverD na Rotterdam mai auna ruwa hawa-hawa a cikin saman fata. Ga ɗakin ƙuna kuwa ban ba da shawarar ta ba. Ɗigo ɗaya take aunawa a lokaci guda, ba ta shiga da nisa, wasu samfuran sai an ɗora fatar a kan gilashi, kuma har yanzu aikinta a kan ƙuna yana matakin bincike. Ga kuma abin da dillalai ba sa son faɗa: a baƙar fata melanin, sinadarin da ke ba fata duhu, yana fitar da wani haske da ke danne alamar Raman, wadda dama ƙwayar haske ɗaya ce cikin miliyoyi. Leza mai nanomita 1064 tana rage matsalar, amma alamar tana ƙara rauni.

Wata na'urar auna gudun jini, leza mai ɗige-ɗige (speckle), tana ba da hoto nan take kuma tana da kyau ga yara, sai dai ba ta kai Dofla zurfi ba. Kyamarar launuka da yawa irin TIVITA tana nuna iskar oksijin da ruwan nama, amma melanin yana rikita ta. Kyamarar zafi kuwa, fanka da tururin ciwo sun isa su sauya amsarta.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen sayen. Intanet cike take da ƙananan na'urori da ake tallatawa da sunan leza mai nazarin fata, alhali cikinsu ƙananan fitilun LED ne da kyamarar waya, manhajarsu tana fesa launuka masu ɗaukar ido. Ku nemi takardar da ta faɗi tsawon zangon hasken da nanomita, ƙarfinsa da miliwat, da ajinsa bisa ma'aunin IEC 60825-1. Wanda ya kasa kawo waɗannan uku, ku sallame shi. Ku kula da wasan kalmomi: a ce kamfani ya yi rajista da hukumar FDA ta Amurka mai kula da abinci da magunguna ba ya nufin hukumar ta duba na'urar ta amince da ita. Tambarin CE na Turai a kan na'ura irin wannan yakan zo da lambobi huɗu na cibiyar da ta tantance ta, kuma ana iya bincika lambar. Ku karanta abin da takardar ta halatta, domin wata an amince da ita ne don bincike kawai, ba don yanke hukunci a kan majinyaci ba.

Kada a biya kuɗi sai an gwada a gabanku. Idan Raman ce, a ɗora ɓallin silikon: dole alama ta fito a kusa da 520, ta roba nau'in folistarin kuma a 1001. Idan Dofla ce, dillali ya zo da ruwan daidaitawarta, ya auna sau uku a jere, amsar ta zo ɗaya. Sannan a gwada a kan fatar mutane masu duhu daban-daban, ba hannun dillalin kaɗai ba.

Na'urar hannu ta biyu ita ce babban tarko. Bututun leza yana tsufa, ƙarfinsa ya ragu a hankali ba tare da wata alama ba. Ku tambayi awannin da ya yi, ranar da aka daidaita shi na ƙarshe, da ko lasisin manhajar zai koma sunanku, don an sha sayen na'ura lafiyayya da ta ƙi buɗewa saboda makullin manhaja yana hannun mai ita na farko. A rubuta a yarjejeniya wa zai zo gyara, cikin kwana nawa, da ko za a ba ku aron wata kafin a dawo da taku. Tabarau na kariya kuma a duba lambar da ke jikinsa ta yi daidai da zangon lezar da kuka saya, a tanadi na majinyaci da ƙanana na yara.